Hawa jirgi da ciwon sukari: jagora ga matafiyi daga Damagaram

Duk shekara idan aikin Hajji ya gabato, ko Umrar watan azumi, masu ciwon sukari da yawa daga Damagaram suna hawa jirgi, wasu ma karo na farko a rayuwarsu. Ga 'yan kasuwa masu zuwa Dubai da ƙasar Sin, ga masu zuwa Alƙahira ko Tunis ko Indiya neman lafiya. Ciwon ba ya hana kowa tafiya. Abin da yake nema a wurinka shi ne maganinka ya kasance a jikinka tun daga ƙofar gida har masauki, bai sha zafi ba, bai daskare ba, kuma da sukari a aljihunka ko da yaushe.

Mu kuma tafiyarmu ta fi ta mutumin Yamai tsawo. Yawancin jiragen ƙasashen waje daga filin Diori Hamani suke tashi, kusan kilomita 900 daga nan, ko kuma mutum ya gangara Kano ya tashi daga filin Malam Aminu Kano. Kafin ka ga ƙofar jirgi, maganinka ya riga ya yi yini a mota. Don haka lissafin daga tasha yake farawa.

Wata guda kafin tafiya

Ka je wurin likitan da ke duba ka, ko a babban asibitin Damagaram ne ko a wani wuri, ka tafi da tikitinka a hannu. Yana buƙatar ya ga ƙarfe nawa za ku tashi, ina za ku canza jirgi, awa nawa za ku zauna a can, ƙarfe nawa za ku sauka. Da wannan zai tsara maka lokutan allura da na ƙwaya. Ka bari ya auna hawan jini, ya duba ƙafafunka da kyau, tsakanin yatsu da dunduniya. In akwai rigakafin da za a yi maka, kamar na sanƙarau da Saudiyya ke nema ga alhazai, ko na shawara, ka yi shi da wuri, domin ɗan zazzaɓin da kan biyo baya yana iya ɗaga sukari na kwana ɗaya ko biyu. Kada ka yarda a sauya maka magani ana saura kwana uku ka tashi, sai in dole ce ta sa.

Takarda biyu za ka fito da su. Ta farko ordonans, wato takardar magani, a rubuta kowane magani da sunansa na asali da yawan da kake sha. Mun saba kiran magani da sunan kwali: Glucophage, Daonil, Diamicron, Amarel. Mai farmasi a Madina ko a Delhi ba lallai ne ya san sunan kwalinka ba, amma ya san metformine, glibenclamide, gliclazide da glimépiride. Ta biyu wasiƙa ce mai hatimin likita da sa hannunsa, tana cewa kana da ciwon sukari kuma dole ne ka riƙe insulin, allurai, na'urar awo da abin sanyaya magani a hannunka cikin jirgi. A rubuta ta da Faransanci da Turanci. Ka ɗauki hoton duka biyun a waya, ka tura wa ɗanka ko ƙanenka ta WhatsApp, ko da wayarka ta ɓace.

Akwai wani abu da ake yawan mantawa. Masu ciwon sukarin da ya daɗe kan sha magani saboda zugi da ƙunar ƙafa, kamar prégabaline, wasu har tramadol. A Saudiyya da Daular Larabawa waɗannan magunguna suna ƙarƙashin doka mai tsanani. In kana shan ɗaya daga cikinsu, ka faɗa wa likita ya rubuta shi ƙarara a takarda, ka bar shi a kwalinsa, ka ɗauki iya abin da zai ishe ka kwanakin tafiya, kuma ka tambayi masu shirya maka tafiyar irin izinin da ƙasar ke nema. Kada ka karɓi saƙon magani na wani ka kai masa, ko da amininka ne. Garin maganin gargajiya da aka ƙulle a leda ba suna ba takarda, shi kam ka bar shi a gida.

Nawa za ka ɗauka

Ninki biyu na abin da lissafi ya ba ka. A ce kana yin allurar insulin raka'a (unité) 20 da safe, 10 da dare, wato 30 a rana. Kwalbar mililita 10 ta insulin U-100, wato mai raka'a 100 a kowane mililita, tana da raka'a 1000, alƙalamin insulin mai mililita 3 kuma raka'a 300. In tafiyar ta kwana 40 ce, kana buƙatar raka'a 1200, kwalba biyu ke nan, sai ka ɗauki huɗu. Kwalba tana fashewa, zafi yana lalata wata, ana ɗaga ranar dawowa. Haka za ka ninka ƙwayoyi, allurai, tsinken huda yatsa, da bandelet, 'yan fallayen nan da ake sa wa jini. Bandelet ɗin ma ka fi ninkawa, domin a tafiya za ka riƙa aunawa fiye da yadda ka saba, kuma irin na na'urarka ba lallai ne ka same shi a can ba. Ka sa batir ɗin na'ura na ajiya, auduga da alkol.

Ka raba kayan gida biyu, rabi a jakarka, rabi a jakar hannun abokin tafiyarka. Duka biyun su shiga jirgi tare da ku.

Ka duba jikin kwalbarka da sirinjinka. In an rubuta U-100 a kwalba, sirinjin ma ya zama U-100. A wasu ƙasashe, Indiya na cikinsu, har yanzu ana sayar da insulin U-40 da sirinjinsa. Wanda ya zuƙi insulin U-100 da sirinjin U-40 ya yi wa kansa ninki biyu da rabi na abin da ya kamata, kuma wannan yana kai mutum ga suma. Shi ya sa na fi son kowa ya tafi da sirinjinsa isasshe daga gida.

Hanyar mota da zafin rana

Insulin ɗin da ba a buɗe ba yana son sanyin firigo, tsakanin digiri 2 da 8. Wanda ake amfani da shi yana jure zama a waje kusan mako huɗu muddin zafi bai wuce digiri 25 zuwa 30 ba, gwargwadon abin da takardar cikin kwalin ta ce. To a bazara, watan Afrilu da Mayu, zafin Damagaram yana haura 40 a inuwa, cikin mota kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Abin da ya fi lalata maganin mutanenmu ke nan, tun kafin su isa Maradi.

Hanya mafi sauƙi ita ce tarmos mai faɗin baki. Ka cika shi da ƙanƙara da ruwa, ka bari ya yi minti goma ko fiye, ka zubar, ka goge cikinsa, sannan ka naɗe kowace kwalba da ɗan ƙyalle ko safa mai tsabta ka jera a ciki ka rufe. In 'yar kula za ka yi amfani da ita, ka sa gorar ruwan da ta daskare a gefe guda, ka naɗe ta da tawul, insulin ya zauna a ɗaya gefen cikin kwalinsa. Kada kwalba ta taɓa ƙanƙara kai tsaye. Insulin ɗin da ya daskare ya tashi aiki, ko da ya narke ya koma kamar da. Akwai kuma 'yar jakar nan ta Frio da ire-irenta, da ake jiƙawa a ruwa na 'yan mintuna, tana sanyaya abin da ke ciki yayin da ruwan ke bushewa, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. A busasshiyar iska irin tamu tana aiki sosai, amma tana son iska ta riƙa ratsa ta, don haka kada ka ƙulle ta a leda. In kana da wani a waje da zai aiko maka, ta cancanci kuɗinta.

A mota, jakar magani a cinyarka take zama. Kada ka ba yaran mota su sa ta a ƙasan bas tare da manyan kaya ko su ɗaure ta a sama, kada ka jingina ta da gilashin da rana ke duka, kada ka ajiye ta a daɓen mota inda zafin inji ke tasowa. Na'urar awo da bandelet su ma zafi yana sa su ba da lamba ta ƙarya. Ka riƙa rufe robar bandelet da zarar ka ciri ɗaya.

Idan ka isa Yamai ko Kano, mai yiwuwa ka kwana ɗaya ko fiye kafin jirgi, musamman lokacin jigilar alhazai da rana kan sauya. Ka roƙi masu masaukinka su sa maka insulin na ajiya a firigo, a ƙofa ko a sashen kayan miya, nesa da bangon baya da ɗakin ƙanƙara. Sannan ka ɗaura wani ƙyalle a hannun jakarka ko ka sa takarda cikin fasfo don tunatarwa. Motar zuwa filin jirgi da asuba take zuwa, ana gaggawa, ana sallama, kuma a irin wannan lokacin ake barin magani a firigon mutane.

Kafin kowace allura ka ɗaga kwalbar ka kalle ta a haske. Actrapid, NovoRapid da Lantus garau suke, in ka ga gurɓata ko ɗigo-ɗigo a ciki ka jefar. Insulatard da Mixtard fari-fari ne, in ka murza su a tafin hannu sai su haɗe bai ɗaya. In ka ga gudaji, ko wani farin abu ya manne a jikin gilashi, ta lalace. Wani lokaci kuma ido ba ya ganin komai, sai dai ka ga sukarinka yana ta hawa ba ka sauya ci ba. In haka ta faru ka buɗe sabuwa.

A filin jirgi

A wurin awon kaya ake karɓar manyan akwatuna a kai su rumbun kayan jirgi. Ko ƙwaya ɗaya ta maganinka kada ta bi su. A can ƙasa sanyi yana iya daskarar da insulin, kafin a loda kuma akwati kan yi zaman rana a fili, ga shi kaya kan yi ɓatan kai su iso bayan kwana biyu ko uku. Alhazanmu suna da al'adar haɗa kaya wuri guda a damƙa wa jagora ko wani matashi ya kula da su. Al'ada ce mai kyau ga tufafi da garin kunu, amma ban da magani.

Ko jakar hannun ma ba ta tsira ba. Wata rana muna layin shiga jirgi, sai ma'aikata suka ce wurin ajiya na sama ya cika, suka fara karɓar jakunkunan hannu a bakin ƙofa suna liƙa musu takarda. Wata dattijuwa da ke gabana ta miƙa tata ba musu. Matashin da ke rakiyarta ya riƙe hannun jakar ya ce, "Inna, allurarki tana ciki?" Ta ce, "Tana ciki, ɗan nan, ai tare za mu sauka." Ya ce wa ma'aikacin ya yi haƙuri, ya durƙusa nan a kan matakala ya zuge jakar, ya zaro wata 'yar jakar yadi da aka ɗinka da igiyar ratayawa, ya rataya mata a wuya, ta ja hijabi ta rufe. Irin wannan 'yar jaka nake so kowa ya sa tela ya ɗinka masa. A ciki a sa insulin da ake amfani da shi, allurai na kwana biyu, na'urar awo, ƙwayoyin yini biyu, sukari da takardar likita. Ko an raba ka da komai, ita tana jikinka.

A wurin bincike, tun 2006 ake hana shiga da abu mai ruwa da ya wuce mililita 100, amma an ware magunguna daga wannan doka. Ka fito da jakar maganin da kanka ka ajiye a tire daban, ka ce kana da ciwon sukari, ka miƙa takarda tun kafin a tambaye ka. Allurai su kasance da murfinsu, tare da insulin ɗin, kwalaye da sunansu a jiki. In kana da ƙanƙarar roba ta sanyaya magani, ta fi saurin wucewa idan tana daskare. Insulin, ƙwayoyi da na'urar awo suna bi ta injin hasken kaya ba abin da zai same su. Masu famfon insulin ko abin awon da ake mannawa a dantse, irin FreeStyle Libre da Dexcom, su karanta abin da kamfanin ya rubuta tun a gida, domin wasu na'urorin ba a so su bi ta injin hasken kaya ko na ɗaukar hoton jiki. Kana iya neman a laluba ka da hannu, mace kuma ta nemi mace. In za ku canza jirgi a Adis Ababa, Istanbul ko Kasablanka, a shirya sake yin wannan bayani daga farko. Bayan ka wuce bincike ka sayi ruwa.

Cikin jirgi

Jakar magani ta zauna a jikinka ko ƙarƙashin kujerar da ke gabanka. In ka sa ta a sama, lokacin da aka kunna alamar ɗaura bel ba za a bar ka ka miƙe ba, kuma sukari ba ya jiran a kashe alama. Ba sai ka ba ma'aikata insulin su sa a firigo ba, sanyin cikin jirgi ya ishe shi.

Kada ka yi allurar cin abinci sai tire ya sauka a gabanka ka ga abin da ke ciki. Ana iya fara rabo daga can gaba, jirgi ya shiga gargada a dakatar da komai na tsawon awa guda, kai kuwa insulin ya riga ya fara aiki. Masu shan glibenclamide, gliclazide ko glimépiride su ma kada su sha sannan su zauna da yunwa. Metformine ita kaɗai ba ta cika faɗar da sukari ba. Kamfanonin jirage da yawa suna ba da abincin masu ciwon sukari idan an nema kwana ɗaya ko biyu kafin tashi, sai dai sau da yawa ba shi da abin riƙe ciki sosai, don haka mai insulin ya riƙe biskit, burodi, gyaɗa ko dabino nasa. Mai tafiya Umra cikin azumi ya tuna Allah ya yi rangwame ga matafiyi da marar lafiya a Suratul Baƙara, aya ta 185. Ranar jirgi ba ranar da mai insulin zai gwada ƙarfinsa ba ce.

Iskar cikin jirgi tana daidai da ta kan dutse mai tsawon mita 1800 zuwa 2400, shi ya sa kumfa kan fito a cikin alƙalamin insulin. Kafin ka yi allura ka ɗaga bakinsa sama, ka fitar da raka'a 2 har ka ga ɗigo, in ka gama ka cire allurar daga bakinsa. Mai zuƙa daga kwalba kada ya tura iska a ciki kamar yadda ya saba a ƙasa.

Ka auna kafin tashi, ka riƙa aunawa duk bayan awa uku ko huɗu, da duk lokacin da ka ji ba daidai ba. Rawar hannu, gumi mai sanyi, yunwa ta farat ɗaya, bugun zuciya, ganin dishi-dishi, ko lambar awo da ta gaza giram 0,70 a lita, duk alamar faɗuwar sukari ce. Ka tauna ƙwayar sukari uku irin na kwali, ko ka sha rabin gwangwanin lemo mai sukari, wato kusan giram 15. Ka jira minti 15 ka sake aunawa, in bai hau ba ka ƙara, in ya hau ka bi da burodi ko biskit. In mutum ya suma, kada a ɗura masa komai a baki. A kwantar da shi ta gefe, a kira ma'aikatan jirgi, in yana da allurar glucagon, mai ɗaga sukari, a yi masa.

Mutanenmu suna ɓoye wannan ciwo, wani ma abokin kasuwancinsa na shekara da shekaru bai san yana allura ba. Wannan ɓoyon yana damuna ƙwarai, domin faɗuwar sukari tana rikita hankali, mai ita kan yi shiru ko ya yi ta faɗa, na kusa da shi ya ɗauka gajiya ce ko tsoron jirgi. Ka faɗa wa wanda kuke tafiya tare, ka nuna masa aljihun da sukari yake da abin da zai yi. In kai kaɗai ne, ka gaya wa ma'aikaciyar jirgi tun kuna zama.

Ka sha ruwa. Dattawa da yawa suna ƙin sha don gudun shiga bayin jirgi ko don riƙe alwala, alhali iskar jirgi tana busar da jiki, ƙarancin ruwa kuma yana ƙara ɗaga sukari. Ka nemi kujerar gefen hanya, ka roƙi wani ya nuna maka yadda ƙofar bayin ke buɗewa da rufewa tun da wuri. Ka riƙa miƙewa kana ɗan takawa, kana juya idon sawu, kuma kada ka taka ko'ina ba takalmi.

Sauyin lokaci

Saudiyya, Turkiyya da Habasha suna gaban Nijar da awa 2, Dubai da awa 3, Indiya da awa huɗu da rabi, Sin da awa 7. Faransa daidai take da mu a lokacin sanyinsu, ta wuce mu da awa 1 a lokacin zafinsu. Wayarka za ta sauya lokaci da kanta, don haka ka bar agogon hannu a kan lokacin gida har ka sauka, da shi za ka san yaushe ka yi allurar ƙarshe. Bambancin awa biyu ko uku ba ya neman wani babban gyara, sai a riƙa matsar da lokacin allura kaɗan-kaɗan har ya dace da na can. Mai zuwa Sin ko Amurka kuwa dole likita ya rubuta masa tsari, domin tafiya gabas tana gajarta yini, ana iya rage insulin, tafiya yamma tana tsawaita shi, ana iya buƙatar ƙari da ƙarin abinci. Masu Mixtard su fi kowa kula, tunda allurarsu a ɗaure take da lokacin cin abinci. A ranar tafiya, sukari ya ɗan hau sama da yadda ka saba ya fi sauƙin gyara a kan ya faɗi kana tsakiyar layin fasfo.

Bayan sauka

Ka auna kafin ka kwanta, komai gajiya. Firigon otal wani yana daskarar da abu, sai ka gwada shi da ɗan ruwa a kofi na wasu awoyi kafin ka amince masa da insulin. Alluran da ka yi amfani da su ka tara a gorar roba mai kauri mai murfi.

Ka san lambobin can. Mu a nan da giram a lita ake faɗa mana, 1,20 ko 0,90. A Saudiyya, Masar da Indiya za ka ji 120 ko 90, abu ɗaya ne aka ninka da 100. A Sin da Ingila kuma wani ma'auni ne daban, inda 1 g/L yake daidai da kusan 5,5, kuma faɗuwar sukari tana farawa ƙasa da 3,9. Ka sa a rubuta maka ɗan kati da Larabci da Turanci mai sunanka, ciwonka, maganinka da lambar wayar jagoranku. Harami ba shi da aljihu, don haka alhaji ya sa katin da sukarinsa a bel ɗin kuɗi. Lambar motar asibiti a Saudiyya 997 ce.

Tun ranar da ka isa, ka ware maganin dawowa ka ajiye gefe, wanda zai ishe ka jiran jirgi, kwanan Yamai ko Kano, da yinin mota zuwa Damagaram, har da 'yan kwanaki bayan ka iso kafin ka samu komawa asibiti. A filin jirgin dawowa kaya sukan yi yawa, ana ta cusa abubuwa daga jakar hannu zuwa akwati don rage nauyi, sai ka duba 'yar jakar wuyanka kafin a rufe akwatin ƙarshe.